Kunya daban, miskilanci daban

Wa alaikumus salam 'yata, tun la'asar na ga saƙonki, sai yanzu aka kawo wuta na samu caji. Kin ce ranar wunin bikin 'yar Baffanki a Tudun Wada kin ja kujera can bayan kanofi kin zauna har aka watse, yanzu ana ta cewa girman kai gare ki, wai ba kunyar aka koya mana ba?

Toh kunya kam an koya mana. A gidanmu na Kwarbai har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba don shi ne ɗan fari, matar ɗa ba ta cin abinci gaban uwar miji, amarya kuwa sai an sayi baki. Amma ki lura, kowace tana da wanda ake yi wa, ba a yi wa dangi kaf a dunƙule. Amaryar ma da ke cikin lulluɓi ai ɗaki ɗaki ake zagawa da ita gaisuwa.

Ba zaman gefen ne ya ja miki magana ba, rashin gaisuwa ne, ga kuma wayar nan da na tabbata tana hannunki kina ta latsawa. Ni ma fa haka nake da ƙuruciya, ko kallon Hawan Daushe aka kai mu ƙofar fada ina maƙale da zanen Inna, in aka yi baƙi na shige bayan randa. Ita ta ba ni dabara, ta ce in kin shiga gidan biki fara da ɗakin tsofaffi, ki tuɓe takalmi ki durƙusa, ina wuninku, Allah ya sanya alheri, ki leƙa uwar amarya, shike nan kin fita haƙƙi, minti goma ma bai kai ba. Daga nan ki nemi aiki, ko rabon waina ko ɗura zoɓo a robobi. Ni littafin gudummawa na kama, ina zaune a lunguna kowa na zuwa yana faɗa min sunansa da abin da ya kawo, a haka na san dangi kaf ban taɓa shiga fili rawa ba, kuma ba wanda ya ce min miskila.

Asabar akwai suna gidan Kawunki a Samaru, ki biyo ta nan bayan azahar mu tafi tare, ki taho min da man zafin nan, gwiwar ta matsa min.