Filin Tambaya da Amsa: Waƙar Ajami a Gafakar Kaka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sami wata waƙar Hausa ta ajami, warƙa tara, cikin gafakar marigayi kakana. Dattawan gidanmu sun ce ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce. Ta yaya zan tabbatar? Daga mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakanka. Kada ka yi saurin jingina ta ga Shehu, domin waƙar farkon ƙarni na 19 sau da yawa hannu uku ko huɗu ne a cikinta: wanda ya tsara, wanda ya fassara, wanda ya yi tahamisi, wato ƙarin layi uku a kan kowane baiti, sai wanda ya kwafa. Shehu, wanda ya rasu a 1817, galibin waƙoƙinsa da Fulatanci da Larabci ya yi su. Dubi Tabbat Haƙiƙa: shi ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. To ka ga mai cewa ta Shehu ce bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba.

Fara da ƙirga ɗango, wato layukan kowane baiti. In kowane baiti ƙwar biyar ne, uku na farko suna da amsa-amo ɗaya da na huɗu, na biyar kuma yana riƙe da babban amsa-amon da ya ratsa waƙar duka, akwai alamar tahamisi: ukun farko ƙari ne, biyun ƙarshe su ne asali. Ka karanta biyun nan su kaɗai, baiti bayan baiti. In ma'ana ta miƙe ba tare da ukun ba, zatonka ya ƙarfafa.

Daga nan ka garzaya baitocin ƙarshe. Nan marubutan zamanin kan faɗi sunansu, da adadin baitoci, da ramzi, wato shekarar Hijira a dunƙule cikin haruffa. A nan mutane suka fi tuntuɓe, don suna lissafi da abajadin gabas (abajadi shi ne tsarin ba kowane harafi lamba), alhali malamanmu abajadin Magrib suke bi. A na Magrib shinun 1000 ne, sinun 300, sadi 60. A na gabas kuwa shinun 300 ne kawai. Misali, shinun da ra da mimun da zayun: 1000 da 200 da 40 da 7, ya ba ka 1247. Don mayar da ita shekarar Miladiyya, ka ninka da 0.97, ka ƙara 622, za ka faɗa wajen 1831. Wanda ya ɗauki shinun a 300 zai sami 547, ya kai waƙar zamanin da ba nata ba. Sai dai a kula, wani lokaci shekarar ta mai kwafa ce, musamman in ta zo a zube bayan waƙa ta ƙare.

Karin waƙa ma shaida ne. Waƙoƙin nan a kan arulin Larabci, wato ma'aunan waƙarsa, aka ɗora su, irin su Kamil da Wafir da Basiɗ. Ka rera da babbar murya. Inda harshe ya yi tuntuɓe, yawanci mai kwafa ne ya yar da gaɓa, ko kai ne ka karanta Sakkwatanci da bakin Jos, ka mai da "wagga" ta koma "wannan". Ka tuna kuma a rubutun ajami harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama.

Bayan haka ka kai hotonta gidan adana kayan tarihi na Jos, inda akwai tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci, ko Gidan Arewa a Kaduna, a gwada ta da wasu kwafe-kwafe.

Tambaya: Malam, ni ma ina da irin waɗannan takardu, sun fara karyewa a gefe. In like su da salatef? Daga wata malamar Islamiyya, Bukuru.

Amsa: Malama, don Allah kada ki yi. Gam ɗin yana cin takarda, ya bar tabo, in an ɓare ya tafi da tawada. Rufe su da leda mai zafi ya fi wannan muni, don ba a iya warware shi. Ki ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya, ki jera su da taimakon kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Ki sa su tsakanin kwali biyu masu tsabta, ki ɗaure da zare sako-sako, ki ajiye a sama, nesa da bango mai laima, musamman da damina.