Ma'anar "bourne" a sunayen garuruwan Ingila

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake yawan ganin "bourne" a sunayen garuruwan Ingila, irin su Bournemouth da Eastbourne.

Daga tsohon Turanci ta fito, "burna", wato rafi ko idon ruwa. 'Yar uwar "Brunnen" ce ta Jamusanci, mai nufin rijiya. Shi Bournemouth yana daidai inda wani ɗan rafi mai suna Bourne ke faɗawa teku. A kudancin ƙasar ma akwai "winterbourne", rafin da sai hunturu ya kama yake kawo ruwa, bazara na shiga ya ƙafe, kamar ƙoramun nan namu da ke cika da damina kaɗai. Yanzu da wuya ka ji Bature ya ambaci kalmar "bourne" a hira, amma a Sikotilan har gobe "burn" suke ce wa rafi, shi ya sa aka sami Bannockburn, inda aka gwabza yaƙi a 1314.

Sai dai ka kula, akwai wata "bourn" daban mai nufin iyaka, aro ce daga "borne" ta Faransanci. Ita ce marubuci Shakespeare ya yi amfani da ita a wasan kwaikwayonsa Hamlet. Rubutu kawai ya haɗa su, asalinsu kam ba ɗaya ba ne.