Ina magana a taro ba a saurara: yaya ake samun kwarjini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, shekarata 29. Wata huɗu ke nan da aka zaɓe ni sakataren ƙungiyarmu ta teloli. In na miƙe zan yi magana a taro, sai kowa ya duƙufa kan wayarsa, wasu ma su ci gaba da hira. Amma akwai wani dattijo cikinmu, ko gyaran murya ya yi sai wuri ya yi tsit. Wani abokina ya ce in nemi maganin kwarjini, wani kuma ya ce in riƙa kallon bidiyon Turawa masu koyar da magana a YouTube. Shin da kwarjini ake haihuwar mutum, ko ana koyonsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya taya ka riƙo. Ka kwantar da hankalinka, abin da ke damunka yana da gyara, kuma gyaran yana hannunka.

Bahaushe ya raba abu biyu da matasa ke yawan haɗawa. Akwai farin jini, wato mutane su so zama da kai, su yi murna in ka shigo. Akwai kuma kwarjini, wato a ji nauyinka, a kasa yi maka wargi. Sau da yawa za ka ga mai farin jinin da ba a ɗaukar maganarsa da muhimmanci, ka kuma ga mai kwarjinin da ake gudunsa kamar dodo. Wanda ake cewa mai faɗa a ji shi ne wanda ya haɗa biyun. Gaskiya ne wasu Allah ya ba su murya ko tsayi ko cikar fuska, wannan baiwa ce. Amma mafi yawan abin da kake gani a jikin dattijon nan, tara shi ya yi shekara da shekaru.

Wani masanin zamantakewa Bajamushe, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya kasa dalilan da ke sa a bi mutum gida uku: gado da al'ada kamar sarauta, doka da muƙami kamar kujerar ofis, sai kuma kwarjini. Abin da ya fi burge ni a bayaninsa shi ne, na ukun nan a hannun mabiya yake. Su ke yarda kana da shi, kuma ranar da suka daina ganin amfaninka a rayuwarsu sai ya zube. Kai yanzu ƙungiya ta ba ka na biyu, ta miƙa maka littafi da biro. Na ukun ba a jefa ƙuri'a a kansa. Dubi Malam Aminu Kano, tun kafuwar jam'iyyarsa ta NEPU a 1950 har rasuwarsa a 1983, talakawa sun bi shi alhali ba shi da dukiyar da zai raba musu. Sun ga yana zaune irin zamansu, yana kuma faɗin abin da ke ransu a gaban wanda suke tsoro.

Don haka aikin ba a filin taro yake farawa ba. Ina yaro a cikin birni, wajen Ƙofar Doka, akwai wani tsoho da ake kawo wa rigingimun unguwa a zaurensa. Na sha zama a bakin ƙofa ina kallo. Mutum biyu za su shigo kowa na huci. Shi kuwa sai ya gyara buzunsa, ya fara da gaisuwa, ya tambayi ɗaya jikin mahaifiyarsa, ya ambaci sunan ciwon ma, ya tambayi ɗayan yaron da aka kai makarantar allo. Sannan ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, ba ya katsewa, carbinsa kawai ke motsi. In sun gama sai ya maimaita wa kowa ƙorafinsa, har mai ƙorafin ya ce, "Haka ne, Baba." Hukuncin kansa bai wuce jimla uku ba, kuma ban taɓa ganin an yi masa musu ba. Kafin ya buɗe baki ya riga ya gama da su, domin kowannensu ya tabbata an ji shi.

Wannan kuwa sunna ce. Ya zo a siffofin Annabi (SAW) cewa in zai juya ga mutum, da dukkan jikinsa yake juyawa, kuma in an yi musabaha da shi ba shi ke fara janye hannu ba. Allah ya ce masa a Suratu Ali Imrana, aya ta 159, da ya kasance mai kaushin hali da busasshiyar zuciya da sun watse daga gare shi. To, ka tambayi kanka tsakani da Allah: in abokin sana'a ya zo shagonka da magana, kana tsayar da keken ka fuskance shi, ko kana taka feda kana cewa "ina jinka"? Mutanen da ke duƙufa kan waya in kana magana, wataƙila bashi suke biya.

Sai cika alkawari, kuma a nan zan ɗan matsa maka, don sana'arku ta yi ƙaurin suna a kai, musamman daren Sallah. 'Yan ƙungiyarku sun san wanda in ya ce Laraba to Laraba ce, sun san mai cewa "saura maɓalli" alhali bai yanka yadin ba. Haka suke auna sakatare. Ka ce za ka tura sanarwa yau, ka tura. Kuɗin ƙungiya ya ratsa hannunka, ka karanto shi har naira ta ƙarshe ba tare da an tambaya ba. Wata uku kana haka, za ka ga bambanci da idonka.

Bidiyon Turawa ba laifi, akwai abin ɗauka, kamar rage gaggawa da ɗaga murya yadda na baya zai ji. Sai dai ka tace. Za su ce ka kafe mutum da ido, ka matse masa hannu. Ka gwada haka da dattijo a Zazzau, sunanka marar kunya. A wajenmu rusunawa da sunkuyar da kai ga babba suna ƙara wa yaro ƙima. Maganin kwarjini kuwa, ka riƙe kuɗinka ka sayi zare. Ka tsare addu'o'inka na safe da yamma, sun ishe ka.

Ga abin da nake so ka yi kafin taro na gaba. Ka je shagon dattijon nan da ƙafarka, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ga abin da nake son kawowa, yaya kuka gani?" Ka yi haka da mutum uku ko huɗu da ake jin maganarsu. In shawararsu ta gyara taka, ka faɗa a bainar jama'a cewa daga wurinsu ta fito, ba abin da zai ragu a jikinka. Ranar taro ka riga kowa zuwa, ka bi mutane da gaisuwa kowa da sunansa, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In lokacinka ya yi, ka yi sallama, ka dakata har a amsa, kada ka fara cikin hayaniya. Ka faɗi abu ɗaya ko biyu, cikin minti uku, ka zauna tun ana son ƙari. In wani ya yi maka gatse kada ka rama, ka ce an gode, ka rubuta abin da ya faɗa a littafinka.

Bayan taro biyu ka sake rubuto mini yadda ta kaya, musamman abin da dattijon ya ce maka ranar da ka je shagonsa.