Oba-oba don ranar da sabis ya ɗauke: wacce za a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne ma'ajin kwamitin unguwarmu a Gyallesu, Zariya. Mun tara kuɗi za mu sayi rediyon oba-oba guda 8 saboda gobara ko ɓarayi cikin dare. Wani mai shago ya nuna mini wadda aka rubuta kilomita 50 a kwalinta. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam ma'aji, riƙe kuɗin jama'a tukuna. Kilomita 50 ɗin nan sai dai in ɗayanku ya hau Dutsen Kufena, ɗayan kuma yana fili fetal babu komai a tsakani. Muryar oba-oba a miƙe take tafiya. Gini, kwanon rufi da tudu duk suna tare ta. A cikin lungunan unguwa, ta hannu mai wat 4 ko 5 da wuya ta wuce kilomita 1 zuwa 3. Wannan kuwa ya ishe ku, tunda unguwa ɗaya kuke tsaro.

Zango biyu za ka tarar a kasuwa. VHF, daga megahaz 136 zuwa 174, ya fi kyau a gona da daji. UHF, daga 400 zuwa 470, ya fi ratsa gidaje masu cunkoso, shi ne naku. Mai shagon zai fi tura maka Baofeng UV-5R saboda tana da zangon biyu, tasha 128, ga allo ga maɓallai birjik. Ni dai ba zan miƙa ta ga ɗan sintiri da ƙarfe 2 na dare ba: ya taɓa maɓalli ɗaya bisa kuskure, shi ke nan ya ɓace muku. Ita kuwa Baofeng BF-888S mai UHF tasha 16 kawai gare ta, murɗawa ake yi, ko ba ka gani ka iya. Ba ta kai waccan ƙarfi ba, amma rikicinta kaɗan ne. In aljihu ya yarda, Motorola da Kenwood sun fi jure faɗuwa da ƙurar hunturu, sai dai a yi hattara da jabu.

Fara da guda 2. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙofar masallaci, ɗayan ya zaga har ƙarshen unguwa yana magana, ya shiga zaure, ya shiga ɗaki. Inda murya ta fara karkatsewa, nan ce iyakarku ta gaskiya. In ta gamsar, sai a sayo sauran iri ɗaya, a saita su tare.

Batir fa? Wanda ke zuwa da UV-5R mAh 1800 ne, kuma magana ta fi sauraro cin caji nesa ba kusa ba. A sayi na ajiya, a nemi caja mai USB da za ta sha daga sola, don kun san halin wutarmu.

Sannan ba sirri a oba-oba. Lambar da ake cewa tana kulle tasha, kunnenku kawai take toshewa daga hirar wasu. Duk mai irin rediyon zai ji ku sarai. Kada a faɗi wanda ya yi tafiya ko inda aka ajiye kuɗi. Doka kuma ta buƙaci lasisi daga gwamnatin tarayya kafin amfani da zangon. Ku bi wannan hanya, ku sanar da DPO da mai unguwa, kuma ku nisanci tashoshin jami'an tsaro.

Tambaya: Maigidana yana noma a wajen Giwa, ni ina Samaru. An ce akwai oba-oba da ake sa wa layin waya, tana kaiwa har Legas. Za ta yi mana?

Amsa: Hajiya, tana kaiwa, amma a kan intanet ɗin layin take hawa. Ki tuna ƙarshen 2021 da aka katse sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Kaduna, har da Giwa, kusan wata 2: irin wannan da ta yi shiru tare da wayarki. Ta hannu zalla kuma ba za ta haɗa Samaru da gonar ba. Sai an kafa eriya a saman dogon ƙarfe, ko rifita mai karɓar murya ta sake cilla ta, kuma wannan kuɗin ƙungiyar manoma ne, ya fi ƙarfin gida ɗaya. A yanzu dai ya sayi guda 2 masu VHF, ɗaya a hannunsa, ɗaya wurin amintacce a ƙauyen da ke kusa da gonar wanda zai iya kawo miki saƙo.