Shin asfirin na hana shanyewar ɓarin jiki?

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya kamu da shanyewar ɓarin jiki bara, aka ce jini ne ya daskare masa a ka. Yanzu 'yan unguwa na cewa ni ma in riƙa shan asfirin kullum don jinina ya tsinke. Shekaruna 45, kuma ina da tansiyo (hawan jini). In sha? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, kada ka fara sha sai likita ya duba ka.

Daskarewar jini rahama ce, ita ke tsayar da jini in ka yanke. Matsalar ita ce in kitse ya taru a bangon jijiya har ya tsage. Nan ƙananan ƙwayoyin jini masu manne wa rauni za su yi dafifi, su dunƙule, su toshe hanya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan, in a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye. A 1971 John Vane na Ingila ya gano yadda asfirin ke aiki a jiki. Ƙwayar jinin da asfirin ya taɓa ba ta sake manne da kyau har ta mutu, kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa yake da amfani ga wanda gudan jini ya riga ya taɓa toshe wa jijiya, kamar Baba.

Amma ga mai lafiya lissafin daban ne. Binciken ASPREE na 2018 a kan tsofaffi kusan 19,000 a Ostareliya da Amurka bai ga wata kariya ta a zo a gani ba, sai ƙarin zubar jini. Abin da ya fi damuna shi ne namu yankin: binciken SIREN a Najeriya da Gana ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki jijiya ce ta fashe musu, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi. Mai tansiyon da bai sauka ba, in ya ɗora asfirin na 'yan tebur, ƙara wa kansa haɗari yake.

Ka riƙe maganin tansiyonka ko da kana jin garau, ka rage gishiri da dunƙulen miya, a auna maka suga. In ka ga bakin wani ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a ba shi asfirin a gida. A garzaya babban asibiti a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, don shi ne zai bambance toshewa da fashewa.