Mil nawa zan ja a sirinji?

Tambaya: Likita, ina ajin ƙarshe a fannin likitancin dabbobi a Zariya, kuma jarrabawa ta ƙarato. Lissafin magani ne ke ruɗa ni, musamman idan aka rubuta ƙarfinsa da kashi cikin ɗari a jikin kwalba. Ta yaya zan san mil nawa zan yi wa dabba?

Amsa: Allah ya ba da sa'a, ƙanena. Kashi 1 cikin ɗari yana nufin giram 1 na magani a cikin mil 100, wato miligiram 10 a kowane mil. Saboda haka duk lambar kashi cikin ɗari da ka gani a kwalba, ka ninka ta sau 10, ka samu miligiram da ke cikin kowane mil. Oxytetracycline, maganin ƙwayoyin cuta, mai kashi 20 yana da miligiram 200 a mil ɗaya, ivermectin, maganin tsutsar ciki da kaska, mai kashi 1 kuma miligiram 10.

Sauran aikin hanya ɗaya ce. Ka ninka nauyin dabba da abin da ake ba kowane kilo, sannan ka raba da ƙarfin maganin. Sa mai kilo 250, oxytetracycline miligiram 20 a kilo: miligiram 5,000 ke nan, ka raba da 200, ka samu mil 25. Wannan ya yi wa wuri ɗaya yawa, sai a rarraba shi a tsoka wuri biyu ko uku. Ivermectin kuwa miligiram 0.2 ne a kilo, don haka mil 5 ne a ƙarƙashin fata. Ka lura da ɗigon nan, domin wanda ya karanta 2 ya ninka maganin sau goma.

Inda na fi so ka tsaya shi ne maganin sammore, diminazene. Ƙaramar ledar garinsa giram 2.36 ce, amma ainihin maganin da ke ciki giram 1.05 ne kawai, kuma da shi ake lissafi. Idan aka narka garin a ruwa mil 12.5, ana samun mil 15, kowane mil da miligiram 70. Ana ba da miligiram 3.5 a kilo, ke nan mil ɗaya ga kilo 20, leda ɗaya ga saniya mai kilo 300. Wanda ya yi lissafi da 2.36 zai ba da ƙasa da rabin abin da ake bukata. A jarrabawa maki zai rasa, amma a ruga ciwon ne zai dawo, ƙwayar cutar kuma ta soma bijire wa maganin. Wuce kima ma yana da nasa haɗari, musamman ga kare da raƙumi.

Kada ka haɗa kashi cikin ɗari na jikin kwalba da wanda ke zuwa a tambayar ƙarin ruwa, domin can da nauyin jiki ake auna shi. Ɗan maraƙi mai kilo 40 da zawo ya janye masa kashi 8 ya rasa lita 3.2, kuma sai ka ɗora masa abin da jikinsa ke bukata a yini da wanda yake ci gaba da zubarwa.