Bayan Wasan Bowl, Ina 'Yan Wasan Jami'o'in Amurka Suke Nufa?

Tambaya: Malam, ƙanina da ke karatu a Amurka ya ce ƙungiyar jami'arsu ta ci wasan bowl, amma ba a yi wata guda ba 'yan wasa da yawa suka watse. Me ke jawo haka?

Amsa: Ƙwallon da ƙaninki yake nufi ita ce ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita. Wasan bowl shi ke rufe kakar jami'o'i tsakanin Disamba da farkon Janairu, kuma mafi daɗewa shi ne Rose Bowl na Pasadena, wanda aka fara a 1902. In ban da ƙungiyoyi 12 da ke fafatawar kofin ƙasa tun kakar 2024, daga wannan wasa kowa sai baɗi.

Da an tashi, waɗanda shekarun wasansu suka ƙare sai su tattara kayansu. Ga mafi yawansu wasan ƙarshe ke nan a rayuwa, domin ƙungiyoyin ƙwararru na NFL ba su ɗaukar fiye da mutum 260 ko kusa da haka a zaɓen watan Afrilu, daga cikin dubbai. Masu sa rai da aka gayyata su wuce Senior Bowl a birnin Mobile, wasan da suke nuna bajintarsu a gaban ƙungiyoyin NFL, sannan gwajin gudu da ƙarfi a birnin Indianapolis. Wasu kuma su sa sunansu a rajistar sauya makaranta da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe a 2018. Tun 2021 aka halatta wa ɗalibi karɓar kuɗi don a yi amfani da sunansa da hotonsa, don haka wata jami'ar na iya yi masa tayi mai tsoka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rauni. Ranar 1 ga Janairun 2016, Jaylon Smith na jami'ar Notre Dame ya yage jijiyoyin gwiwa a Fiesta Bowl da suka buga da jami'ar Ohio State. Ana sa ran za a ɗauke shi cikin na farko-farko a zaɓen NFL, sai ya faɗo zagaye na biyu, Dallas Cowboys suka ɗauke shi, ya yi asarar miliyoyin daloli, ya kuma shafe kakar 2016 yana jinya. A Disambar wannan shekarar Christian McCaffrey na Stanford ya ƙi buga Sun Bowl, wasu suka yi ta zaginsa. Ni ban ga laifinsa ba, gwiwar nan ita ce jarinsa. Yanzu abin ya zama ruwan dare: a Disambar 2023 Florida State ta shiga Orange Bowl ba tare da taurarinta da dama ba, Georgia ta lallasa ta da 63 da 3.

Waɗanda suka rage kuwa hutunsu kaɗan ne. A Janairu su koma aji da ɗaga ƙarfe da sassafe, wani lokaci ƙarƙashin sabon koci, sannan atisaye 15 na bazara, inda sababbin zuwa ke neman gurbin waɗanda suka tafi.